Ya Kalle Ni a Madubi, Bai Gan Ni Ba

Zuwa ga Anti Lorraine,

Don Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, ban iya taƙaita magana ba. Ranar Talata ce, sha ɗaya ga Fabrairu, wajen ƙarfe uku na rana. Ina tsaye a bayan motar gidan surukaina, irin doguwar motar nan mai gado da kicin a ciki, a wani zango da ke Rockport, a bakin tekun Texas, na ɗaga hannuwana sama na gicciye su, ina ihu a tsaya, mota kuwa sai matsowa take yi da baya. Tun daga ranar nake ɗauke da wata magana da ba tawa ba, har yau na rasa inda zan ajiye ta.

Bari in faro daga farko. Shekarata ashirin da shida, wata goma sha huɗu da aurenmu da Anders. Mahaifina shi kaɗai ya rene ni, kuma kafin in gama sakandare mun yi ƙaura sau tara. A gidanmu kowa da farantinsa a cinya, gaban talabijin. Abin da na sani game da iyali a littattafai na karanta shi, irin ƙananan littattafan soyayyar nan da ke shiga aljihun riga, waɗanda ake gamawa a zama biyu. Har yanzu ba na fita babu guda a aljihuna. Anders yana cewa ni rabina ce kawai ke zaune a duniyar nan, ɗaya rabin yana shafi na tamanin.

Iyayensa manoma ne da suka ajiye aiki, a yammacin Grand Forks, a Dakota ta Arewa. Kamar sauran sa'o'insu, da dusar ƙanƙara ta farko ta sauka sai su zuƙe ruwan bututun gida, su kulle ƙofa, su nufi kudu sai watan Afrilu. Motar gidansu doguwa ce, ƙafa talatin da shida, tana jan ƙaramar mota a baya. Surukina Arvid yana kiranta Saniya, wai don ba ta son tafiya da baya. Shekara sha tara ke nan suna wannan tafiya, kuma babu wanda ya taɓa riƙe sitiyarin Saniya sai shi.

Bana suka ce mu zo mu yi mako uku tare da su. Na yi ta mafarkin ni da mijina mu biyu a bakin teku, iska tana kaɗa mini gashi. Da muka isa sai na tarar teburin cin abinci ne gadonmu, a naɗe shi da safe a shimfiɗa da yamma, labule ɗaya ne tsakaninmu da minsharin surukina. Na shiga ɗan mitsitsin banɗakin nan na yi kukana a ɓoye.

Amma Anti, mako ukun nan su ne mafi daɗi a rayuwata, kuma ina so ki san haka kafin in faɗi sauran.

Kwana na biyu ina wanke kwanuka na kira surukata da sunanta, Verna, kamar yadda na saba. Ta karɓe soson daga hannuna ta ce, “Ke, wanda ya ji minsharin Arvid ya kwana ai ya zama ɗan gida. Ki ce mini Mama.” Ban taɓa kiran kowa da wannan suna ba. Sai da na gwada shi a bakina sau da yawa ni kaɗai kafin ya fita.

Ƙarfe huɗu da rabi suke cin abincin yamma, lokacin da gidajen abinci ke cike da furfura. Da farko dariya abin ya ba ni, daga baya ni ce ke fara neman takalmi. Sun kai mu wani wuri a bakin tashar jiragen kamun kifi inda ake shimfiɗa takarda a tebur a juye maka jatan lande da kaguwa da masara da dankali, babu cokali babu faranti. Mama ta koya mini ɓare kaguwa, ta yi ta tura mini manyan, wai na rame. Duk inda muka zauna, Arvid, da na koma kira Baba, sai ya miƙo mini takardar abinci ya ce, “Karanto mana, 'yata, muryarki ta fi ta rediyo.” In karanta tun daga miya har kayan zaƙi, ya saurara ido a lumshe kamar ana masa waƙa, sannan ya ce a kawo masa abin da Verna za ta ci. Kowa ya yi dariya.

Haka ma wajen yawon buɗe ido. Mun je ganin tsohuwar bishiyar nan da aka ce ta yi ɗaruruwan shekaru, mun je tsohuwar ganuwa a Goliad, kuma duk allon bayanin da muka tarar sai Baba ya tsaya ya ce in karanta masa. Anders da Mama su yi gaba, mu biyu a baya, ni ina karatu shi yana gyaɗa kai yana tambaya. Ranar da muka shiga jirgin ruwa don ganin fararen gaurakan da ke sauka a can da hunturu, ya rataya mini abin hangen nesansa a wuya ya ce, “Ke duba, ki ba ni labari, kin fi ni iya faɗa.” Na ba shi labarin uwa da uba da ɗansu mai launin ƙasa suna tsintar kaguwa a fadama, har na ƙara gishiri. Ya ce bai taɓa ganinsu da kyau kamar ranar ba. A rayuwata wannan ne karo na farko da karatuna ya yi wa wani amfani maimakon a yi mini tsiya a kansa. Na ɗauka ƙauna ce kawai. Har yanzu na yi imani akwai ƙauna a ciki.

A mako na biyu muka ɗauki Saniya muka tafi San Antonio kwana uku. Mama ce a kujerar gaba, bakinta kuwa bai huta ba. “Fitila ja ce, Arvid. Akwai farar mota a hagunka. Sauran mil biyu mu sauka.” Har Anders ya ɗago daga wayarsa ya ce, “Haba Mama, ki bar mutum ya yi tuƙinsa mana, shekara hamsin yana kan tarakta.” Ta ce, “Shekara hamsin kuma ina gaya masa inda zai bi, ka taɓa ganin mun ɓata?” Muka yi dariya aka wuce wurin.

Kin san yadda ake shigar da irin waɗannan motoci gurbinsu a zango. Direba ba ya ganin bayansa, sai wani ya tsaya a baya ta gefen hagu, inda fuskarsa za ta fito a madubi, yana nuni da hannu. Anders ya koya mini tun a gida, a tsakiyar falo, don ya ce wannan ne jarrabawar shiga danginsu: hannu dama, hannu hagu, tafin hannu biyu suna matsowa don nuna tazara, in an gicciye hannu sama kuma a taka birki nan take. Dokar Baba guda ce, duk 'ya'yansa sun haddace ta: in bai ga mai nuni a madubi ba, ba ya motsawa. Na lura Mama ba ta nuni da hannu, da oba-oba take masa magana, amma na ɗauka kafaɗarta ce ke ciwo.

Ranar da muka dawo Rockport, Mama ta shiga ofishin zango karɓar wasiƙunsu, oba-oban kuma yana cikin jakarta. Anders yana can bakin ƙofa yana kwance ƙaramar motar. Wata motar gida ta tsaya a bayanmu tana jira mu ba ta hanya. Sai na ce, “Baba, ni zan tsaya maka, na iya.” Ya dubi hanyar ofis, ya dubi motar da ke jira. Ya ce to.

Anti, na tsaya daidai inda ya kamata. Ina ganin fuskarsa a madubi sarai, har da hular kamfanin irin shuka da ke kansa, kuma idonsa yana kaina. Na nuna masa hagu, bai karkata ba. Na sake nunawa. Na gicciye hannu, na yi tsalle, na yi ihu, injin ya danne muryata. Sai da na yi gefe da gudu. Saniya ta ture sandar famfon gurbin da bayanta, bututu ya fashe, ruwa ya yi sama ya fi tsawon mutum biyu, ya jiƙe ni sharkaf. Littafina ya faɗo daga aljihu cikin taɓo.

Kafin ka ce me, rabin zango ya taru. Baba ya sauko fuskarsa fara fat, ya ce, “Ban gan ki ba.” Gaskiya ya faɗa. Amma kowa ya dubi littafin da ke cikin taɓo, ya dube ni, ya gama lissafinsa: yarinya ta tsaya inda ba a ganinta tana karatu. Anders ya iso da gudu, ya tabbatar ban ji ciwo ba, sannan ya ce, “Haba ke kuwa, ko a nan ma?” Na buɗe baki zan yi magana sai na hango Mama ta taho da wasiƙu a hannu. Kallon da ta yi mini ban taɓa ganin irinsa ba, roƙo ne tsantsa. Na ce, “Ku yi haƙuri, hankalina ne ya tafi.”

An rufe ruwan layinmu gaba ɗaya har washegari. Ƙarfe huɗu, da maƙwabta suka fito da kujerunsu aka yi da'ira kamar kullum, ni ce abin hira. Wani dattijo ɗan Iowa mai suna Duane ya ce, “Amarya, gaya mana gaskiya, an zo wurin sumba ne a littafin?” Matarsa ta make shi da hula ta ce, “Rufe mana baki, kai da ka ja tiyon bayan gida tun daga nan har Corpus Christi.” Daga ranar sunana ya koma Mai Famfo. Ba da mugunta ba, har kek aka kawo mini. Na yi ta dariya tare da su. Baba kaɗai ne bai yi ba.

Da safe Mama ta ce in raka ta sayen ƙwai. Ba kanti muka je ba, wani ɗan gidan abincin 'yan Meziko ta kai ni, ta sa aka kawo mana kofi da taco, wato gurasa da aka naɗe ƙwai da dankali a ciki, ba ta taɓa nata ba. Ta ce tun watan Oktoba likita ya gaya musu tsakiyar ganin Baba tana mutuwa, ido biyun duka. Yana ganin gefe-gefe, yana ganin hanya da manyan abubuwa, amma duk abin da ya kalla kai tsaye sai ya zama tabo. Ba ya iya karatu. Ba ya gane fuska sai an yi magana. Lasisinsa kuma da sauran shekara biyu. Ƙaramar motar ita ke tuƙawa yanzu, da sunan wai ya gaji da cunkoso, amma Saniya ba ta taɓa koya ba, kuma ta ce a shekara saba'in da ɗaya da wannan kafaɗa ba za ta fara ba. Haka suka zo tun daga Dakota, shi da hannu ita da ido.

Ta riƙe hannuna ta ce, “'Yata, kar ki gaya wa Anders. Kin san halinsa, a ranar zai karɓe makulli, ya kira 'yar'uwarsa Kari, kafin Ista sun sayar da motar. Arvid da kansa ya karɓe makullin mahaifinsa, tsohon ya zauna a kujera bai ƙara tashi ba, bai cika shekara ba ya rasu. Ki bar mu mu kai ta gida a Afrilu, sau ɗayan nan kawai, ya ajiye da hannunsa.” Na ce na yi alkawari. Ko daƙiƙa ɗaya ban yi tunani ba. Mace ta kira ni 'yarta tana kuka, me zan ce?

Ana jibi za mu taho, Baba ya same ni a kan gadar kamun kifi. Ya daɗe yana gyaran murya. Ya ce, “Na san inda kika tsaya. Verna ta hango ki daga ofis, ta ce daidai kika tsaya.” Sai ya ciro wani ɗan littafi mai jan bango daga aljihu, ya ce madadin nawa ne da ya lalace. Shi kaɗai ya je kantar musayar littattafai da ke ɗakin wanki na zango, ya laluba ya zaɓo mai girman nawa da launin nawa. Anti, littafin girke-girke ne na matan wata coci a Nebraska. Na ce masa na daɗe ina neman wannan. Yana nan a gefen gadona, na fi son sa da duk littattafaina.

Yau kwana goma sha shida da dawowarmu. Ranar biyar ga Afrilu za su taso, mil dubu ɗaya da ɗari huɗu da wani abu, ta tsakiyar manyan birane, wataƙila da ƙanƙara a hanya daga Nebraska zuwa sama. Kullum in na rufe ido sai in ga kaina a madubin nan, sai kuma in ga ba ni ba ce, wani ne yake canza taya a gefen titi, ko wata ce da keken jariri. Anders kuma har yanzu yana ba abokansa labarin famfo, yana kwaikwayon tsallena, ina murmushi. Ban taɓa ɓoye masa komai ba sai wannan. Shekaranjiya ya ce wai na yi shiru kwanan nan, ko wani littafin ne ya ƙare ba daɗi. Na ce e.

A littattafaina asiri yakan tonu da kansa, wata wasiƙa ta faɗo daga aljihu, kowa ya yi kuka a rungume juna. Na jira, babu abin da ya faɗo. Mama tana kirana duk Lahadi bayan coci, ta aiko mini da yadda ake lefse, gurasar dankalin da ta gada wurin kakarta, wadda ko Kari ba ta ba ba. Waɗannan mutane sun ba ni abin da ban taɓa samu ba. In na yi magana, na ci amanar mace ta farko da ta ce in kira ta Mama, kuma ni ce zan zaunar da Baba a kujera. In na yi shiru wani abu ya faru, ban san yadda zan kalli mijina ba, ko kaina. Ba na jin haushin kowa, wallahi godiya ce ta cika mini ciki, ita ce ma ta ɗaure mini baki. Me zan yi?

Taki,
Mai Famfo, daga Dakota ta Arewa

*

Mai Famfo, 'yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na farko na yi dariya a wurin Duane, na biyu ban yi ba. Bari in fara da abin da babu ja a kansa: kada surukinki ya tuƙo motar nan ranar biyar ga Afrilu. Mutumin da ya kalle ki a madubi da rana tsaka bai gan ki ba, ba zai ga mai gyaran titi ba. Sun zo lafiya a Nuwamba, an gode Allah, amma irin wannan ciwon ba ya tsayawa inda aka bar shi, kuma idon Verna, duk kaifinsa, ba ya taka birki. Ina jin kin riga kin san wannan, shi ya sa kika rubuto.

Ban ga laifin Verna yadda wasu masu karatu za su gani ba. Ta ga abin da ya sami surukinta, tana tsoron ganin sa a mijinta, kuma tsoron nata ba na banza ba ne. Namijin da ya yi shekara hamsin a kan sitiyari, ranar da aka karɓe makulli ba mota kaɗai aka karɓa ba. Amma ta ɗora miki kayan da bai kamata ta ɗora wa amaryar wata goma sha huɗu ba, ta sa ki tsakaninta da ɗanta. Ta yi haka ne don ta gaji da ɗauka ita kaɗai tun Oktoba. Ina ma zargin wani ɓangare na zuciyarta so yake a tare ta.

Alkawarin da kika yi, kin yi shi ne don ki kare mutuncin Baba. To ki riƙe wannan, shi ne ainihin alkawarin. Shirun kuwa ba naki ba ne ke kaɗai da za ki bayar, akwai rabon duk wanda zai hau hanyar nan a ranar.

Ga abin da zan yi in ni ce ke. Kada ki fara da Anders. Ki kira Verna, da murya ba da saƙo ba, kuma kada ki jira Lahadi. Ki gaya mata abin da kika gaya mini, har da godiyar, da ita ma za ki fara. Sannan ki ce ba za ki iya ci gaba da ɓoye wa mijinki ba, kuma kin fi so ya ji daga bakin mahaifinsa. Ki ba su mako guda, ki faɗi ranar. In ranar ta wuce ba su kira ba, ke za ki gaya masa, kuma sun san da haka tun yanzu, babu wanda aka zagaya ta bayansa. Wataƙila ta yi fushi. Wataƙila Lahadi ɗaya ko biyu wayarki ta yi shiru. Ki daure. Macen da ta ba ki girkin kakarta ba za ta yar da ke a kan wannan ba.

Kada kuma ki je mata hannu wofi. Abin da suke tsoro shi ne a ce tafiya ta ƙare, alhali sitiyari ne kawai ya ƙare. Akwai masu barin motarsu a ajiye a Texas duk shekara su riƙa zuwa ta jirgi. Akwai direbobin da aikinsu ke nan, kai wa tsofaffi motar gida kudu da dawo da ita. Akwai kuma ɗa mai lafiya da matarsa, waɗanda za su iya ɗaukar hutun kwana huɗu sau biyu a shekara. Mutumin da ya fi kowa sanin halin Saniya yana iya zama a kujerar gefe ya koyar, kuma koyarwa aiki ne, ba zaman kujera ba ne. Su koma wurin likitan ido da zarar sun iso, a tambaye shi maganar tuƙi ƙarara, a kuma tambayi abin da zai taimaka wajen karatu.

Shi kuma Anders, in lokacin ya zo, zai ji zafi biyu: na idon mahaifinsa, da na cewa ke kin sani shi bai sani ba. Kada ki kare kanki da yawa. Ki ce kin yi kuskuren yin alkawari cikin gaggawa, kin kuma gyara. Ki roƙe shi abu ɗaya, ya bar mahaifinsa ya miƙa makullin da hannunsa, kada a ƙwace, kada kuma a yi taron dangi a kansa kafin a yi magana da shi. In ya tuna sau nawa ya kwaikwayi tsallenki a gaban mutane, kunya za ta sassauta shi, ki bar ta ta yi aikinta, ba sai kin taya ta ba.

Abu na ƙarshe. Kin ce rabinki ne kawai ke duniyar nan. Ban yarda ba. Mutum huɗu ne a motar nan, ɗan da aka haifa a gidan yana kallon waya, ke ce kika ga abin da ke faruwa, kika kuma tsaya daidai inda ya kamata. Ki ci gaba da karanta wa Baba takardar abinci. Yanzu da babu abin ɓoyewa, zai fi jin daɗinta.

Allah ya kawo su gida lafiya, ya bar ku tare.

Anti Lorraine

*

Saboda kwanakin sun matso, na aika wa Mai Famfo amsar nan tun kafin a buga ta. Ga abin da ta maido mini, da izininta:

“Anti, na kira Mama ranar Laraba. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce bari ta ba Arvid. Ya kira Anders da kansa ranar Juma'a, sun yi awa guda, mijina ya fito daga gareji idonsa ja, ya wuce ya wanke kwanuka alhali ba ranarsa ba ce. Mama ba ta kira ni Lahadin nan ba tukuna. Na yi rajistar koyon tuƙin babbar mota a Fargo, Asabar uku a jere. Mun sayi tikitin jirgi na ranar uku ga Afrilu. Ni da Anders za mu riƙa karɓar juna, Baba a kujerar gefe. Ni zan fito da Saniya daga zango.”